Takardar da Ƙarfe Ya Ƙunshe Ƙusa da Ita

Wata biyu bayan an yi masa tiyata a ƙasan mafitsara, babban maginin da leburori ke kira Ƙarfe ya koma bakin aiki da wani tsoro da bai faɗa wa kowa ba. Duk sanda ya sunkuya ya ɗaga bulo, ko tari ya kama shi, sai ya ji fitsari ya ɗiga masa a wando ba da saninsa ba.

Ranar da aka sallame shi daga asibiti, nas ta miƙa masa wata takarda. Ta ce, "Baba, akwai tsoka a ƙasan mara, ita ke riƙe fitsari, tana kuma taimaka wa ƙarfin namiji. Taka ta yi sanyi. Ka riƙa matse ta kamar mai riƙe tusa, ka ƙirga biyar, ka saki, ka huta biyar. Sau goma, sau uku a rana. Kada ka riƙe numfashi."

Ƙarfe ya yi dariya har da buga cinya. "Ƴata, wannan ai aikin masu jego ne. Ni da nake saɓa buhun siminti?" Da ya je wurin aiki, takardar ya samu ya ƙunshe ƙusoshi da ita, ya jefa a jaka.

Ɗigar kuwa ba ta san Ƙarfe ba. Ya daina sa wando mai haske. Ya koma watsa wa kansa ruwa daga durom da gangan, don in an ga lema a ce ta kwaɓa siminti ce. In leburori suka fashe da dariya a bayansa, sai ya tabbata shi ake yi wa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada ranar ta zo da wani zai toshe hanci a gabansa.

A gida ma abin bai bar shi ba. Ƙarfinsa na namiji ya ja baya, sai ya fara gudun ɗakin matarsa. Wata safiya tana miƙa masa jakar aiki ta ce, "Baban yara, in laifi na yi maka, ka faɗa mini. Wandunanka ma yanzu da kanka kake wankewa."

"Gajiya ce," ya ce, ya fice bai kalle ta ba.

Daga nan ya yi wa kansa wata dabara irin ta mai taurin kai: tunda ruwa ne ke zama fitsari, sai ya daina shan ruwa. Daga safe har a tashi, ko kurɓa ɗaya. Ɗigar ta ragu, ya ga kamar ya yi maganin abin. Leɓɓansa suka tsattsage, ciwon kai ya zauna masa, bai damu ba.

A rana ta tara suna ɗora bulo a hawa na biyu, rana ta take tsaka. Mai kwaɓa siminti ya miƙo masa gorar ruwa. "Maigida, ka sha mana, idonka ya faɗa."

"Na sha," ya yi masa ƙarya.

Ya miƙe da cokalin gini a hannu, sai ya ga bangon yana karkata. Kunnuwansa suka toshe, duhu ya rufe masa ido. Ya kai hannu zai dafa, babu abin dafawa. Ihun leburori ne abin da ya ji na ƙarshe.

A asibiti ya farfaɗo, ƙashin ƙugunsa a karye. Likita ya ce jikinsa ya bushe ƙarƙaf, ƙodarsa ma da ƙyar ta tsira. Zai taka, amma hawa gini ya ƙare masa. Da likitan ya tambayi dalilin ƙin shan ruwa, Ƙarfe ya dubi matarsa da ke zaune a bakin gado, ya sunkuyar da kai ya faɗi komai.

"An koya maka motsa tsokar nan?" in ji likita. "Da yawa masu irin matsalarka suna samun sauƙi cikin ƴan watanni in sun dage. In ba a samu ba, akwai sauran magani."

Ƙarfe ya ce an koya masa, takardar ma tana cikin jakarsa, ya ƙunshe ƙusoshi da ita. Matar ta miƙe. Ta jawo jakar aikin da leburori suka kawo, ta ciro ƙunshin, ta zazzage ƙusoshin a kan gado, ta warware takardar da duk ta yi tsatsa. Hawaye na zuba ta ce, "Duk tsawon lokacin nan tana cikin jakarka, ni kuma ina ta neman laifina."

Ƙarfe ya karɓi takardar da hannu biyu yana kuka.

Ƴan'uwa maza, ɗigar fitsari da raunin mazakuta lalura ce, ba abin kunya ba. Ku je asibiti, ku yi motsa tsokar da aka koya muku, kada ku hana kanku ruwa. Ɓoyon ya fi ciwon illa.