Allurar Tsiro

Shekara bakwai mijina Malam na ciwon mantuwa, shekara bakwai jikina na hutawa. Ya manta sunana, ya manta bulalarsa.

Sai autana Ɗahiru ya kai shi allurar tsiro, mai sa ƙwaƙwalwar tsoho ta sake toho.

"Inna, Baba zai dawo yadda yake!"

Na ce, "Madalla."

Yau da hantsi Malam ya kira sunana daidai. Kafin in amsa, ya zubar min da haƙori.

Dama likita ta nuna min inda abin ke tsirowa, saitin kunne. Na tofar da jini, na ɗauko taɓarya. Sau ɗaya na sauke masa ita a wurin.

Da ya farfaɗo, ya yi min murmushi.

"Baiwar Allah, daga ina?"