Kifin Sabi'u a Kan Sikeli

Gidan Sabi'u a unguwar Utaibiyya babu ma'aunin kifi. Ga shi ya dawo daga tekun Shu'aiba da wanda ya kamo, yana rantsuwa ya fi na ƙaninsa Talal mai kilo biyar.

Aka jawo sikelin da yake auna kansa tun da likita ya hana shi mandi, shinkafar Larabawa mai nama da maiƙo. Ya rungumi kifin ya hau. Kilo ɗari cif.

"Ummulkhairi, nawa na ce miki nauyina jiya?"

"Casa'in," in ji matarsa.

"Kifi kilo goma ke nan! Talal, khalas, magana ta ƙare, ka sha ƙasa!"

'Yarsa Lujain ta yi ta tsalle tana tafi. "Ni ma, Baba, ni ma!" Ta karɓe kifin ta ɗare. Ita dai kilo ashirin gare ta, kowa ya sani. Sikeli ya nuna ashirin da biyu.

Talal ya faɗi a kafet yana dariya. Ummulkhairi ta zuba wa tumbin mijinta ido.

"Abu Lujain, ina sauran takwas?"

Nan Lujain ta gane: takwas ɗin nan ba a teku Baba ya kamo su ba, a shagon mandi ne.