Kwana Tara Ba Sabis

Inna ta banko ƙofar kamfanin intanet, na'urar sabis ɗinta ƙunshe a ɗankwali. Mai gadi ya ce, "Sannu Inna, ke ake jira."

"Gara da suka sani!"

Ya kai ta wani ɗaki. Manya uku na bayan tebur, gabansu wani injiniya mai neman aiki yana gumi cikin kwat.

Ta dire na'urar. "Kwana tara ba sabis! 'Yata ta haihu, ko hancin jaririn ban gani a waya ba. Maƙaryata!"

Shugabar manyan ta dubi mai kwat. "Ga gwajinka."

Ya jona na'urar, fitilunta suka kawo. "Lafiyarta ƙalau. Inna, ina kike ajiye ta?"

"Cikin tukunyar ƙarfe, in rufe ruf. Maƙwabta ke sace mini sabis."

"Tun yaushe?"

"Kwana ta..." Ta yi tari.

"Ƙarfen ne ke tare sabis ɗin. Na canza lambar sirri, ba mai sata." Ya danna wayarta, sai ga jariri yana hamma.

Manyan suka tafa. Shugabar ta ce, "Ka samu aiki. Inna, kin iya wasa!"

"Wasa? Ni sa'arki ce?"

Sai wata mata ta shigo tana haki. "Ku yi haƙuri, na makara. Ni kuka ɗauko in yi masa masifar gwaji."

Inna ta dube ta sama da ƙasa. "Au, masifa ma aiki ce a nan? Wannan ko kaza ba za ta firgita ba. Ina zan dangwala hannu in kama aikin?"