Almakashin Inna

Ranar da aljanu suka zo karɓar 'yarsu, a shagon ɗinki suka same ta tana yankan yadi.

"Tashi mu tafi," in ji babbarsu. "Mu muka ajiye ki a ƙofar matar nan kina jaririya. In ta san ke aljana ce, yau za ta kore ki."

Gaban budurwar ya faɗi, don abin da ta daɗe tana ɓoye wa Inna ke nan.

Inna ko ɗagowa daga keke ba ta yi ba.

"Ni za ku ba labari? Tun tana rarrafe na ga ƙarfe yana ƙona ta. Uban wa ya naɗe mariƙin almakashin nan da tsumma?"

Budurwar ta damƙe almakashin, ta dubi aljanun sama da ƙasa.

"Ku matsa, kun tare mana haske."