Ƙudan Likita

Likita ta ɗora wa matata baƙin tabarau, ta tura mata kati mai hoton ƙaton ƙuda, ta ce, "Mama, kama mini fikafikansa."

Shayi da mandazi, wani irin fanke, matata ke sayarwa a tashar motar Moshi. Tun da yanar ido ta rufe mata na hagu, shayinta a gefen kofi yake sauka. Direbobi sun yi ta haƙuri har ranar da ta ƙona wa ɗayansu cinya. Yanzu an yi aikin idon. In bai ci ba, butarta ta yi ritaya, ita kuwa zaman gida kashe ta zai yi.

Na tambayi sunan gwajin. Likita ta ce sitiriyosikofi.

Na ce, "'Yata, kalma mai wannan tsawon ai sai an ɗaukar mata kwandasta."

Ta yi dariya. Wai kowane ido da gefen da yake hangowa, sai biyun sun haɗu abu ke tasowa, a san na kusa da na nesa. Da ido ɗaya, duniya a shimfiɗe take kamar tabarma.

Matata ta miƙa yatsu. Ba ta taɓa katin ba, iska ta tsunkula a samansa. Likita ta tafa.

Da matata ta cire tabarau, ni ta daɗe tana kallo, kuma ba fuskata ba.

"Baban yara, yaushe wannan ya taso?"

Na ja riga na rufe tumbi.

Ta ce, "Ina ta zargin direbobi da sata. Ashe nan mandazina ke kwana."