Fankar da Haliru Ya Zaɓa

Haliru bai gama kwance ƙusa ta biyu ba ya gane kwamfutar. Shi ya haɗa ta da hannunsa shekara shida da suka wuce, a shagon Malami da ke bakin kasuwar Bodinga, lokacin yana aiki a ƙarƙashinsa.

Matar da ta kawo ta har Shagari ta zauna kan benci, ta rungume jakarta a cinya. Ta ce sunanta Habiba, Malami yayanta ne. Tun da bazara ta kama kwamfutar ke mutuwa tsakar aiki, ga shi ƙungiyar manoman albasa ta Danchadi ta ba shi aikin katunan shaidar mambobinta, ran Alhamis za su zo karɓa.

"Duk Bodinga babu mai gyara?" in ji Haliru.

"Shi yac ce in kawo maka."

Haliru ya sunkuyar da kai don kada ta ga fuskarsa. Malamin nan ne ya tsayar da shi gaban mutane ranar kasuwa, ya juye masa aljihu, ya ce shi ya ɗauke wayar wani alhaji da aka kawo gyara. Ba a samu komai jikinsa ba, amma sunan ɓarawo ya bi shi. Teloli na ganinsa su janye almakashi. Mahaifinsa ya daina zama majalisa har ya rasu. Dole Haliru ya tattara ya dawo Shagari, ya fara daga tebur ɗaya ƙarƙashin rumfa.

Ciwon kwamfutar a fili yake. Fankar da ke sanyaya ƙwaƙwalwarta ta gaji, da ƙyar take juyawa, man da ke tsakaninsu ya bushe ya zama gari.

Fanka iri biyu gare shi a kanta. Ya sauko da su ya jera. Ɗaya babba ce mai bututu huɗu na jan ƙarfe, wadda ko zafin Afrilu ba ya gagarar ta. Ɗayar ƙarama ce, shafal, an yi ta don ƙananan kwamfutoci a ɗaki mai sanyi.

Habiba ta ɗauki babbar, ta juya ta, ta kara ta da gefen akwatin kamar mai auna tsawo, ta ajiye.

"Malam Haliru, da taka ta, wacce za ka sa?"

Haliru ya dubi fankokin biyu. Sai ya tuna hular mahaifinsa rataye a ƙusa, wata da watanni ba a fita da ita ba.

"Wagga," ya ce, ya tura ƙaramar. "Babbar ƙara gare ta, kuma murfi ba ya rufewa da ita."

Ta dubi akwatin, ta dube shi. "To," ta ce.

Ya goge tsohon man tas, ya ɗiga sabo. A gindin kowace sabuwar fanka akwai siririyar leda da ake ɓarewa kafin a ɗora, in ba haka ba zafi ba ya samun hanyar fita. Haliru ya sa farce a kanta, sai ya fasa. Ya ɗora fankar da ledarta, ya ɗaure. Ya kunna, allo ya kawo haske, ya yi maza ya kashe kafin ta ɗau zafi. Ya riga ya hango abin da zai faru: manoma cike da ƙofar shago, kwamfuta na ɗaukewa duk bayan 'yan mintuna, Malami na sharce gumi yana ba da haƙuri.

Habiba ta miƙo masa ƙusar da ta gangara ƙasan benci, ta nuna ramin da ya tsallake. Ta sallame shi, ta sa hannu cikin jaka kamar za ta ciro wani abu, sai ta zuge ta. Shi da kansa ya ɗaure mata kwamfutar a bayan babur, har da addu'ar sauka lafiya.

Ran Alhamis ya rufe shago da hantsi ya hau mota zuwa Bodinga. Wannan kallon ba zai bari a ba shi labari ba.

Manoman suna nan kuwa, cike da ƙofa. Sai dai kowa na fitowa da katinsa yana dubawa. Haliru ya kutsa. Kwamfutar na kan tebur, murfi a buɗe, babbar fanka mai bututu huɗu na juyawa cikinta shiru. Malami na zaune a lungu, ya rame, sanye da baƙin tabarau, sanda tsakanin gwiwoyinsa. Habiba ce kan kujerar aiki, sukundireba soke a gefen mayafinta.

Ta gan shi, ta tsayar da aikin, ta fito da shi gefe.

"Idanun Yaya sun tahi," ta ce. "Watan jiya da munka ɗaga kantar shago, munka iske wayar alhajin nan a bayanta. Kwana ukku bai ci abinci ba. Ya so ya zo da kainai, kunya ta hana shi."

Haliru ya waiga ya dubi ƙofar shagon.

"Ni shekarata tara ina koyar da gyaran kwamfuta a Sakkwato, ina kallonka kab bar ledar nan," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa don kada yayanta ya ji. "Ba gyara ya kai ni Shagari ba, Malam Haliru, makullan shagon ga na kai maka kyauta, na dawo da su cikin jakata."