Jar Munduwa

Tun da masu binciken abinci suka gaji da amsar "na ƙoshi", aka sanya wa kowa munduwar da ke yin ja idan mutum ya wuni bai ci ba. Ta Malam Barau ta yi ja tun jiya, shi ya sa ya saka riga mai dogon hannu ya tafi duba 'yarsa Tasalla.

Ta ajiye masa kwanon tuwo. "Bismilla, Baba. Mu mun ci."

"Ni ma a ƙoshe nake," in ji shi, yana ƙara jan hannun rigarsa.

Da ta miƙo masa ruwa, mayafinta ya zame. Munduwarta jawur.

Ya tura mata kwanon, ta turo masa. Haka tuwon ya huce a tsakaninsu.